Ranar da Kaka Ta Bi Ruwa

Da safe na sauka bakin kogi in ɗauko Kaka. Na ja igiya, sai ragayar ta taho hannuna sakayau, babu kwalba a ciki.

Kaka kullu ce. Uwar kullu mai tsami, wadda ake ɗiba a kwaɓa wainar fulawa, a zuba mata gari da ruwa ta ci, ta kumbura ta koma yadda take. Kakar mijina Elmer ce ta shigo da ita jihar Idaho ta Amurka a keken doki, shi ya sa muke kiranta haka. Elmer yana ciyar da ita tun kafin ya san ni. Bai taɓa ba kowa ko cokali ɗaya ba, har 'yan'uwansa. Ya rasu a watan Maris, ita kuwa tana nan da ranta. In na buɗe murfin warin ya buge ni, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana cewa na cika mata ruwa.

Duk watan Agusta mukan zo wannan zangon na dajin gwamnati mu kafa tanti a bakin ruwa. Kwalbar a cikin kogi take kwana, cikin ragayar da Elmer ya saƙa, a ɗaure da saiwar bishiya, don sanyin ruwa ya hana ta haukacewa. Waccan shekarar ce ta farko da muka zo ba shi.

Na ƙwala ihun da ya tashi zangon gaba ɗaya.

Ɗana Curtis ne ya fara fitowa, da gajeren wando. Matarsa Denise ta biyo shi da wani farin abu shafe a fuska. Sai Gus Pruitt, tsohon da ke kwana a 'yar tirelarsa kusa da mu tun Curtis yana rarrafe. Can sai ga Harlan mai kula da zango a 'yar motarsa ta lantarki, yana gyara hula.

"An sace Kaka," na ce.

Ba wanda ya tambaya wace ce Kaka. Duk wanda ya taɓa kwana a zangon nan ya ci wainar Elmer.

"Beyar ne, Mama," Curtis ya ce da sauri, yana nufin ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata da ke yi wa masu zango ɓarnar abinci. "Na rantse beyar ne."

"Kar wanda ya ƙara faɗin wannan sunan a nan," in ji Harlan. "In aka ce beyar, sai na kira ofis, a rufe zango, kowa ya naɗe tantinsa. Verna, yi haƙuri. Ko dai ba ki ɗaure da kyau ba?"

"Ga igiya a ɗaure, Harlan. Idonka ne ba a ɗaure ba."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce duk wanda na kama da hannu a wannan abu, ya gama cin abinci a teburina, ko ranar Kirsimeti ce, ko ranar jana'izata. Ina faɗa ina kallon Denise, don da yammacin jiya ta ce Kaka tana warin safar da aka kwana da ita a takalmi.

"Kowa ya tsaya inda yake," wata murya ta ce daga sama da gangaren. "Kun riga kun tattake rabin yashin kamar shanu."

Opal ce, yayar Elmer. Ta wuce saba'in da nisa, ƙugunta ɗaya na ƙarfe ne, tana tafiya da sanda. A zamaninta, in zakin dutse ya addabi masu kiwon shanu, ita ake kira ta bi sawunsa. Ta taɓa gano wani mafarauci da ya ɓace a dusar ƙanƙara, ta kuma zage shi tun daga kan dutse har gida. Ni da ita ba mu taɓa jituwa sosai ba, amma ran nan na ji daɗin ganinta.

Ta sauko a hankali, ta durƙusa da ƙyar, ta kwantar da kanta gefe tana kallon yashin ta inda rana ke haska shi. Ta daɗe a haka, har Harlan ya tambaya ko ta suma.

"Beyar ɗinka yana sa silifas, Curtis?" ta ce.

"A'a, Gwaggo Opal."

"To, wannan yana sawa. Wani beyar ɗin kuma dogon takalmin roba gare shi. Na ukun ba takalmi, babban yatsansa ya karkace kamar na ubansa."

Curtis ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

*

Opal ta zauna a kan kular kifi, ta ce in kawo mata gahawa, a kuma turo mata su ɗaya-ɗaya. Na tsaya a bayanta da butar a hannu.

Denise ta zo ta wanke fuskarta, ta haɗe hannuwa a ƙirji.

"Na sauka wanke fuska ne kawai," ta ce.

"Da sabulu?"

"E mana."

"Ke?" Opal ta ce. "Ke da kika tsare ni jiya kina min wa'azi a kan sabulu yana kashe kifi?"

Opal ta kurɓi gahawa ta ci gaba.

"Da za ki sauka, takunki mai faɗi ne, kina sauri. Da za ki hau, kin riƙa ɗan taku kamar mai ɗauke da ƙwai. Me kika ɗauko, yarinya?"

"Gangaren ne da santsi."

"Ita ce," na ce. "Tun ranar da aka ɗaura musu aure take kallon kwalbar nan kamar gawar ɓera."

"Verna, ban taɓa so in zubar da abinki ba," Denise ta ce, idonta ya kawo ruwa. Ta juya ta tafi. Na so in bi ta, Opal ta tare ni da sanda.

Gus ya zo da filas ɗinsa a hammata. Tun safe yake rungume da shi, amma ban ga ya sha ko sau ɗaya ba.

"Kifi na je kamawa," ya ce.

"A durƙushe?" in ji Opal. "Ga shaidar gwiwoyinka biyu a gindin bishiya. Ko addu'a kake wa kifin?"

"Ƙugiyata ce ta maƙale."

"Gus, sau nawa ka roƙi Elmer ya ɗiba maka?"

"Duk shekara. Duk shekara kuma ya ce min in je in nemi kakata." Ya gyara filas ɗin. "Amma ni ba ɓarawo ba ne. Wace kwalba zan ɓoye a tirelar da ko ni ba na iya juyawa a ciki? Ku je ku duba."

Harlan ya je ya duba. Ya dawo ya ce babu kwalba, sai dai ya ga kifi fiye da abin da doka ta yarda, za su yi magana daga baya.

Curtis kuwa cewa ya yi fitsari ya kai shi.

"Ka wuce ban-ɗaki, ka wuce daji guda, ka zo inda uwarka ke ajiye abinci ka yi fitsari?" Opal ta tambaye shi.

"Duhu-duhu ne, Gwaggo, ban gani sosai ba."

"Shekararka hamsin, har yanzu kunnenka yana ja in ka yi ƙarya. Tashi ka ba ni wuri."

Da ya tafi na ce mata to, wanne ne a cikinsu. Ta ce ko ɗaya bai hau da kwalbar ba. Kwalbar Kaka babba ce, in ta cika sai da hannu biyu, kuma wanda ya ɗauki abu mai nauyi a gangare, dugadugansa suna nutsewa. Nasu ba su nutse ba.

"To tashi ta yi sama?"

"Kusan haka. Kawo min kwalbar da ba komai a ciki."

Na juye gurjin da ke cikin wata na kawo mata. Ta ɗaura murfin, ta sa a ragayar Elmer, ta zura cikin ruwa. Muna kallo kwalbar ta yi ɗan rawa, ta kwanta gefe, ta sulale ta bakin ragayar, ta kama hanya abinta kamar agwagwa.

"Ba a yanke igiya ba, ba a kwance ƙulli ba," Opal ta ce. "Elmer bai taɓa yi wa ragayar nan marufi ba, don nauyin kwalbar ne ke riƙe ta. Ba wanda ya saci kwalba, Verna. Rage mata nauyi aka yi. Wannan ya ɗiba, wannan ya ɗiba, kowa yana ganin shi kaɗai ne mai wayo. Da ta yi shafal, sai kogi ya ɗauki abinsa."

Muka bi gaɓa. Opal tana gaba tana ɗingishi, tana jefa ƙirare cikin ruwa tana kallon inda suke bi. A kwanar da ruwa ke dukan duwatsu ta tsaya, ta sa sanda ta zaro murfin. Bakin kwalbar yana nan a jikinsa, sauran ya farfashe. Ruwa ya wanke komai tas. Na sa yatsa na shafa cikin murfin, na shinshina. Ba komai sai warin kogi.

Na zauna a kan dutse. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a coci ba, har mutane suna cewa ina da ƙarfin zuciya. A kan wannan dutsen na yi, da murfin kwalba a hannu. Opal ta matsa gefe. Ta juya tana kallon tsallaken kogi har na gama.

"Yanzu ɓarayin nan su ne kaɗai begenki," ta ce. "Ke kuma kin rantse za ki kore su daga teburinki. Wa zai amsa laifinsa?"

"To ya za mu yi?"

"Kaka za ta amsa da kanta. Bari rana ta take."

*

Da tsakar rana ta tara mu a teburin katako na tsakiyar fili, inda babu inuwa ko ta tsinke. Ta karɓe mabuɗin a-kori-kurar Curtis ta zauna a kai. Harlan ya tsaya gefe a matsayin hukuma.

"Me muke jira, Gwaggo?"

"Kai dai zauna."

Muka zauna. Zufa tana bin bayana. Ƙudaje suka zo suka ga ba abinci suka tafi. Gus ya ce shi yana da hawan jini, Opal ta ce ita ma tana da shi, su haɗa su yi hira.

Can sai na fara jin wani sauti, siiiii, kamar tayar keke tana sacewa. Kowa ya dubi Gus. Gus ya dubi sama, ya fara fito.

"Filas ɗinka yana magana," in ji Harlan.

"Gahawa ce. Mai ƙarfi ce."

Bai rufe baki ba murfin ya tashi, fau! Ya bugi gefen hular Harlan ya wuce. Farin kullu ya yi tsiri, ya sauko a kan gemun Gus, ya bi wuyan rigarsa. Ya zauna a haka yana ɗiga, bai ko share ba.

"Cokali uku ne kawai," ya ce.

Na tashi da gudu na tara hannu. Amma ina kai shi hanci na san akwai matsala.

"Gus, me ka zuba mata?"

"Na ga kamar ba ta da kuzari, sai na ɗan taimaka mata da yis na kanti. Fakiti ɗaya."

"Yis na kanti!" Opal ta bugi tebur. "Wannan ba Kaka ba ce kuma, wata baƙuwa ce ta sa rigarta. Da Elmer yana nan da ya jefa ka kogi da tirelarka."

Iska ta ɗan kaɗa daga wajen da motoci suke, ta kawo ƙamshin burodi. Harlan ya ɗaga hanci. Opal ta zaro mabuɗi daga ƙarƙashinta ta miƙa wa Curtis ba tare da ta dube shi ba. Muka bi shi duka. Da ya buɗe ƙofa, zafi ya buso kamar tanda. Ya buɗe aljihun gaban mota. Ɗan gwangwanin da ya ɓoye ya fashe tun tuni, kullun ya malale a kan takardun mota ya gasu, har ya yi ɓawo a gefe.

"Ka dafa ta," na ce.

"Mama, ke ce jiya da muna cin abinci kika ce in kin mutu a zuba ta a kabarinki. Kuma tun da Baba ya tafi kina mantuwa. Sau biyu ina zuwa gida in tarar ba ki ba ta abinci ba, ta yi baƙin ruwa a sama. Na ji tsoro ne."

Ban tuna na faɗi maganar kabari ba, amma ta yi kama da maganata.

Denise ba ta jira an tona ta ba. Ta shiga tanti ta fito da wata 'yar roba, ta ajiye a gabana. Kullun yana kwance a ƙasa, ko kumfa ɗaya babu.

"Curtis yana kuka duk ranar Lahadi da safe, ranar da babansa ya saba yi masa waina," ta ce. "Na gwada masa wainar garin kwali na kanti, ya ci ya ce ta yi daɗi, ya shiga gareji ya rufe ƙofa. Na ce bari in koya. Har robar na wanke da bilic don kar ƙwayar cuta ta kama ta."

"'Yar nan," Opal ta ce a hankali, "ai ita ce ƙwayar cutar."

Harlan ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

Na dubi abubuwa ukun: filas, ɓawon burodi, robar bilic. Ban ma iya fushi ba. Na ce su naɗe tanti mu tafi gida, ba abin da ya rage min a wannan dajin.

Opal ta daɗe tana tona ƙasa da bakin sandarta. Sannan ta yi tsaki mai tsawo, ta miƙe, ta nufi kogi. Wannan karon sama ta yi, ba ƙasa ba. Muna hango ta ta shiga cikin ciyayin bakin ruwa, ta sunkuya, ta jawo wata igiya. Ta dawo rungume da kwalbar zuma, a jiƙe, da dutse ɗaure a gindinta. Kullu ya kai rabi, yana numfashi, ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa. Tun kafin ta buɗe na san warin.

"Na so in ga ko na wani zai yi, in tsira da nawa," ta ce. "Ashe duk sakarkaru na haɗu da su."

"Gwaggo Opal!" in ji Curtis.

"Ni na fara. Rabi na kwashe."

"Amma ba sawunki a yashin," na ce.

"Ta cikin ruwa na bi. Ni yarinya ce?"

"Kika zaunar da ni a rana kamar kilishi!" Gus ya ce, kullu yana bushewa a gemunsa.

"Kakata ce ni ma, Verna," Opal ta ce, ba ta kula shi ba. "Ni na riƙa riƙe mata kwano tana kwaɓawa, Elmer yana waje yana jifan kaji. Da za ta mutu sai ta ba shi, don shi ne namiji. Na roƙe shi har na gaji. Ban so in roƙe ki ke ma ki ce min a'a."

Na miƙa hannu in karɓi kwalbar. Ta janye ta zuwa ƙirjinta.

"A'a. Wannan tawa ce. Taki ta bi ruwa. In kina so, ki roƙa, kamar yadda kowa ya roƙa."

Kowa ya zuba min ido. Ni ba mai roƙo ba ce, duk wanda ya san ni ya sani. Na dubi kumfar nan tana tasowa.

"Opal, don Allah, ki ɗiba min."

"Kirsimeti fa?"

"Ki zo."

"Su fa?"

"Su zo. Gus ya wanke gemu tukuna."

Ta karɓi cokali daga hannun Denise, ta shinshina shi ko akwai bilic, ta ɗiba min guda ɗaya a kofin gahawa. Cokali ɗaya tak, tsohuwar banza. Na zuba gari da ruwa, na rufe da ƙyalle, na zauna ina gadi har yamma.

Ba mu naɗe tanti ba. Kafin mu bar dajin Kaka ta cika kwano, na yi waina a kaskon Elmer, Curtis ya ci bai tashi ya ɓuya ba. Ranar tafiya na ɗiba wa Denise, na ɗiba wa Gus, har Harlan ya kawo gwangwani yana sosa ƙeya. Ban san abin da Elmer zai ce ba. Na san zai ce wani abu.

Da hunturu ya yi tsanani na kwanta. Ba ciwo ba ne, tashi ne kawai na kasa yi, har na daina sanin ranaku. Ranar da na iya shiga kicin na buɗe kwalba, na tarar Kaka ta yi funfuna, gashi kore da ja. Na tsaya ina kallonta. Sannan na sa takalmin ƙanƙara, na tuƙa mota zuwa gidan Curtis.

Denise ce ta buɗe ƙofa. Ta ga kwalbar da na wanke a hannuna, ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ta ciko min ita har wuya.

"Ki ba ta abinci safe da yamma, Verna," ta ce. "Kuma kar ki cika mata ruwa."

Na ce to.